Kwalabe Goma Sha Biyu a Rana

Kakan Kayal, wanda take kira Thatha, lemon goli yake sayarwa a garin Vellore. Kwalbarsa ba ta da murfi. Wani ɗan ƙwallon gilashi ne, wato goli, yake toshe wuyanta daga ciki. Sai an danna shi lemon yake buɗewa, ya yi fus!

Duk shekara Thatha yana kai wa 'yan tsere lemo ranar wasannin makarantar su Kayal. Bana gwiwarsa ta hana shi fita.

"Thatha, ni zan raba," in ji Kayal.

"Ke sarkin gaggawa?" Ya yi dariya. "To, ji nan. Ki bar kwalabe a inuwa, ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Kada ki danna goli sai mai sha ya tsaya a gabanki."

"Na ji," ta ce. Amma ba ta tambayi dalili ba.

A ajinsu akwai wani yaro mai tsokana, Senthil. Kullum cewa yake lemon goli na tsofaffi ne. Kayal kuwa ta sha alwashin yau zai san lemon Thatha ya fi na kanti.

Da 'yan tsere suka jeru, sai ta yi tunani. Idan suka zo gaba ɗaya, ai za su yi ta jira. Ta zaro kwalabe goma sha biyu, ta danne golinsu. Ta jera su a rana don su yi ƙyalli. Abin ya yi kyau kam!

Sai aka jinkirta tseren. Aka yi jawabi, aka yi waƙa, aka sake wani jawabin.

Senthil ne ya zo na ɗaya. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Wannan ne lemon da ake cika mana baki a kansa? Ruwan sukari ne mai ɗumi!"

Yara suka kwashe da dariya. Kayal ta ɗanɗana. Lami! Kunya ta kama ta, hawaye suka zubo. Ta ɓata wa Thatha suna.

Malama Vasuki mai koyar da kimiyya ta matso.

"Me ya faru, Kayal?"

"Malama, lemon ya mutu. Ban sa masa komai ba, buɗewa kawai na yi."

Malama ta ɗaga buhu, ta ciro rufaffiyar kwalba.

"Kin ga kamar babu abin da yake motsi a ciki, ko? Akwai. Gas yana fita daga ruwan zuwa wuyan kwalba, wani yana komawa ciki. Mai fita daidai yake da mai komawa. Shi ya sa lemon ba ya canzawa."

"To da na buɗe fa?"

"Na saman ya gudu, babu mai komawa. Ruwan ya yi ta sakin nasa don ya cike gurbin, har ya ƙare. Zafi kuma yana ƙara korar gas daga ruwa. Kin canza masa abu biyu, dole ya canza."

Kayal ta share hawaye. "Ashe shi ya sa Thatha ya ce inuwa."

"Nawa suka rage a ƙarƙashin buhu?"

"Goma sha biyu, Malama."

"To me kike jira?"

Kayal ta ɗauki guda mai sanyi. "Senthil, zo ka tsaya a nan."

Ya zo yana murmushin tsokana. Ta danna goli. Fus! Ya kafa kai ya sha. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi wata gyatsa da har shugaban makaranta ya waigo.

"Kai! Har cikin hancina!" in ji shi. "Akwai ƙari?"

Babu ƙari. Kowace kwalbar da ta rage sai da mutum biyu suka raba.

A gida Kayal ta faɗa wa Thatha komai, ba ta ɓoye ba.

"Ka yafe mini. Na ɗauka dokarka ba ta da dalili."

"Tana da shi, jikata. Idan babba ya ba ki umarni ba ki gane ba, ki tambaya kafin ki canza."

Washegari suna wanke kwalabe, sai ga Senthil a ƙofa, ya jawo mahaifinsa.

"Thatha, ga masu sha," in ji Kayal. Ba ta taɓa goli ba sai da suka tsaya a gabanta.