Mahauci Mai Jar Hula

"Likitan dabbobi? Ni ne likitan dabbobi?"

"Baba, don Allah ka rage murya, maƙwabta za su ji."

"Su ji mana! Su kawo min awakinsu in yi musu allura!"

Maƙwabta kuwa sun ji, don ni ce maƙwabtan. Katangar da ta raba gidana da na Mai Nama ba ta wuce kafaɗata ba, kuma ban ga laifin mai ido in ya duba ba. Ga Mai Nama tsaye a tsakar gida, ko rigar aiki bai cire ba, jini ya bushe a gabanta, jakar wuƙaƙe a hammata. Ga 'yarsa Auta a durƙushe, ta tura fuska cikin mayafi. A bakin ƙofa kuma wani dogon saurayi ne mai tabarau, ya rungume kwali mai huji-huji, yana neman ƙasa ta tsage ya shige har da kwalin.

Bari in koma baya, kada in ba ku zance daga tsakiya.

Auta tana aiki a shagon buga takardu kusa da jami'a. Wata safiya saurayin nan ya shigo da tulin rubutun hannu, binciken kammala karatunsa ne a kan tsuntsaye. Shi ya sa daga baya muka laƙaba masa Ɗan Tsuntsu. Ran nan, jan ɗankwali Auta ta ɗaura. Tana cikin bugawa ta tsaya.

"Malam, wannan wane yare ne? Kwamfuta ma ta ƙi shi, ta ja masa layi."

Ya sunkuyo. Lanius senator, haka aka rubuta. Auta ce ta rubuta min shi a takarda, kada a ce tsohuwa ta ƙirƙira.

"Latin ne," in ji shi. "A wurin masana kowane tsuntsu suna biyu gare shi, na dangi da na kansa, don ko'ina aka je a duniya a gane shi. Wannan dangin suda ne, baƙi da fari, kansa ja kamar ya sa hula. Sunan na biyun, ma'anarsa sanata. A zamanin da, dattawan majalisar masu wannan yare suna da jan ratsi a riga, shi ne aka ga kan tsuntsun aka tuna da su." Ya dubi ɗankwalinta. "Kamar ke yau, ranki ya daɗe, Sanata."

Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. "To na farkon fa?"

"Mahauci ke nan. In ya kama fara ko ɗan ƙadangare, sai ya soke a jikin ƙaya, ya rataye kamar nama a kasuwa." Da ya tsaya nan da lafiya lau. Amma saurayi in ya ga budurwa ta yi masa murmushi, bakinsa ba ya da birki. "Kin gan shi kyakkyawa, amma ba imani. Mahauci dai mahauci ne, duk inda yake sai ƙuda da ƙarni."

Ya yi dariya. Ita ma ta yi, irin wadda ba ta wuce haƙori.

"Ke fa, Baba wace sana'a yake yi?"

Yatsunta suka tsaya a kan madannai. "Likitan dabbobi ne," ta ce.

Shi ke nan, an shuka.

Aikin da za a gama a mako ya ƙi ƙarewa. Kullum Ɗan Tsuntsu sai ya gano wani waƙafi da bai zauna daidai ba. Auta kan shigo wurina da yamma ta sa min zare a allura, ni kuma in sa ta karanta min saƙonninsa, don kunnen tsohuwa ma yana son zaƙi.

"Sanata tawa, yau na ga ɗan'uwan tsuntsunmu a kan wayar lantarki. Shi sunansa na biyu excubitor, wato mai gadi, don can sama yake zama yana tsaro. Haka nake a bakin shagonki, sai dai ni ba mai sallamata."

Ta mayar masa: "Mai gadi, tafi ka yi karatu, shagon yana da kwaɗo. Amma gobe ka zo da wuri."

Na ce mata, "'Yar nan, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki faɗa masa."

"Gobe, Kaka."

Goben nan ta yi ta haihuwar gobe. Rakiya ba ta bari ya wuce tashar mota. In ya ce zai zo gaida Baba, sai ta ce Baba aiki ya yi masa yawa. Wannan kam ba ƙarya ba ce.

Ranar da abin ya fashe, Ɗan Tsuntsu ya je daji duba tsuntsayensa, ya tsinci mai jar hular nan ya maƙale a wayar shinge, fiffike ya karye. Ya ce a ransa, ga majinyaci, ga kuma dalilin gaida suruki. Ya sa shi a kwali ya shigo layinmu yana tambayar gidan Likita, baban Auta. Sai ya faɗa hannun Mai Ƙanƙara, wanda ya daɗe yana bin Auta tana ce masa sai ta yi shawara. Mugun ya gane komai nan take. Ya rako shi har ƙofa, ya ce, "Jira kaɗan, yanzu Likita zai dawo daga tiyata."

Mai Nama na shigowa, yaro ya rusuna ya miƙa kwali. "Barka da dawowa, Likita."

Sauran kun ji.

Da Mai Nama ya gaji da faɗa, sai ya dubi saurayin. "Yaro, duk wanda aka kawo asibitina ba ya komawa gida da ƙafarsa." Sannan ya juya ga 'yarsa, murya ta yi ƙasa, har sai da na ɗaga dunduniya kafin in ji. "Wuƙar nan ita ta kai ki makaranta. Tun ina saurayi nake dawowa da ƙarnin nan, ban taɓa jin kunyarsa ba sai yau."

Ɗan Tsuntsu ya ajiye kwalin a hankali, ya fita da baya-baya.

Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Auta ta gaishe da uban, ya amsa wa bango. Ta ajiye masa abinci, ya ture wa uwarta. Ta daina shigowa wurina, sai ni na bi ta da allurata. Ta nuna min abin da ta tura:

"Na yi maka ƙarya, na kuma tozarta mahaifina. Kada ka sake zuwa. Ka yafe min."

Ga amsarsa: "Ba ke kika fara ba, bakina ne. Na zagi mutumin da ban sani ba a gaban 'yarsa. Ni ne ba ni da fuskar zuwa. Amma Sanata, ban fasa ba, ba kuma zan fasa ba."

Ta kifa wayar ta yi ta kuka. Ni ma na taya ta kaɗan, don ba kyau a bar yarinya ta yi ita kaɗai.

Tsuntsun kuwa, uwar Auta ta ɗaure masa fiffike da tsumma ta sa shi a tsohon kejin kaji. Mai Nama ya ce ba ruwansa. Amma wata la'asar ina shanya, na hango shi ya duba hagu ya duba dama, ya jefa masa ɗan guntun nama. Tsuntsu ya ɗauka da lanƙwasasshen bakinsa, ya zaga, ya sami wata waya da ta fito tsini a jikin kejin, ya soke naman, sannan ya fara yaga. Mai Nama ya tsuguna. Ya jefa wani. Tsuntsu ya rataye shi kusa da na farko.

"Kai! Uwar Auta, fito ki gani, ya buɗe teburi!"

Dariyarsa ta farko ke nan tun ranar. Auta na bakin murhu. Bai dube ta ba ya ce, "Me sunan abin nan?"

Da ƙyar ta ce, "Mahauci, Baba."

Ya juyo da ido jawur.

"Wallahi haka yake a littafi. Sunan danginsu ke nan."

Ya sake duban kejin. "Kira min yaron."

Ɗan Tsuntsu ya zo ya zauna a ƙasa, ya ƙi tabarma. Tun ba a tambaye shi ba ya ce shi ya ja ƙaryar, don ya faɗi maganar banza a kan mahauta.

"Maimaita ta."

"Baba, ka yi min rai."

"Maimaita."

Gumi ya jiƙa tabarau. "Na ce... duk inda mahauci yake, sai ƙuda da ƙarni."

"Akwai ƙuda, akwai ƙarni. Ka daina cin nama?"

"A'a, Baba."

"To. Me ya sa ɗan'uwana yake rataye nasa?"

Yaro ya sami abin da ya iya. Ya ce ƙafafunsa ba su da ƙarfin na shaho, sai ya soke kafin ya iya yagawa. Kuma ajiya ce, don matarsa da 'ya'yansa. Har ma namijin da ya fi rataye abinci shi mata suka fi so.

"Madalla. Kai me ka rataye?"

Uwar Auta ta tsere ɗaki da dariya.

"Digiri, Baba, ya kusa. An kuma yi min alkawarin koyarwa."

"Ba da kai nake rigima ba dama, da ita nake. Mahaifiyarka me ta sani?"

Yaro ya sunkuyar da kai. "Likita."

"To ranar da 'yata ta kawo mahaifiyarka teburina, ta nuna ni da bakinta, a yi maganar aure. In ba haka ba, ku nemi likitan ya ba ku, 'yarsa ce."

Mahaifiyar Ɗan Tsuntsu tsohuwar shugabar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, irin matan da ke goge kujera kafin su zauna. Ta riga ta gama yi wa ƙawayenta shelar 'yar likita. Da ɗanta ya faɗa mata gaskiya ta ce a bar maganar. Sai Auta ta wanke ƙafa ta je da kanta.

"Yarinyar da ta ɓoye ubanta," in ji Malama, "gobe wa za ta ɓoye? Ni?"

"Shi ya sa na zo in kai ki ki gan shi, Mama."

Da hantsi suka je, kasuwa ta cika. Ni ma na ɗauki kwandona, ko da yake ba abin da zan saya. Ga layin masu nama, cinyoyi na reto a ƙugiya, sara na tashi a kan gungume, ruwa na bin kwata. Malama ta tattare bakin zaninta. Mai Ƙanƙara ya bar shagonsa ya zo ya jingina, haƙora a waje.

Auta ta tsaya gaban teburin. Sai ta zaga ta baya, ta ciro wata rigar aiki daga ƙusa ta sa a kan kayanta masu kyau, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da uban.

"Mama, ga Babana." Ta ɗaga murya har masu sara suka tsaya. "Ga Babana! Mahauci ne, tun ba a haife ni ba yake nan. Ni na ce likita ne. Na ji kunyar abin da ba na kunya ba, na aikata na kunyar."

Mai Nama bai ɗago ba, yana ta wasa wuƙar da ta riga ta yi kaifi. Mai Ƙanƙara ya tuna ƙanƙararsa na narkewa.

Malama ta dubi yarinyar, ta dubi teburin da aka kankare fes, ta dubi hannuwan mutumin masu tabon yanka.

"Malam," ta ce, "a yankar min cinya. Ban da ƙashi."

"Malama, ba a yi nama ba ƙashi ba. Ko 'yar nan in za ki ɗauka, da ƙashinta za ki ɗauka."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi. "To a haɗo min duka biyun."

Da Ɗan Tsuntsu ya gama karatu aka ɗaura aure. An ci nama a layinmu har masu haƙori suka gaji, mu marasa shi muka tsotsa. Da za a tafi da amarya aka kai su ɗakin uban, ni kuma na bi, don dole a sami babba a wurin. Suka durƙusa. Ango ya raɗa mata, "Sanata, daina kuka," alhali nasa tabaran sun yi hazo.

Mai Nama ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya rufa muku asiri. Ya ba ku 'ya'yan da za su..."

Murya ta ƙi fita. Ya yi gyaran murya, ta sake ƙi. Muka ce amin tun bai ƙarasa ba, don mu rufa masa. Auta ta kama hannun nasa ta manna a fuskarta, nan idonsa ya cika taf.

"Me kuke kallo?" ya daka mana tsawa. "Ba ku taɓa ganin mutum ba? Kun cika min ɗaki, ko numfashi ba a yi!"

Ya fizge hularsa, ya tsallake ƙafar ango, ya fice ya buga ƙofa, garam!