Lakar Aljirif

Rana ta yi ja a bayan gidajen unguwar Alsawra a Umdurman. Tasalla tana tankaɗe a ƙofar madafa, mijinta Mika'ilu kuwa yana tsugune a tsakar gida ya zuba wa lambunsa ido kamar an ce masa za a sace. Lambun bai fi faɗin ɗakin kwana ba, amma in ka ji yadda yake ba da labarinsa sai ka rantse gonar auduga ce a Jazira.

A Jazira aka haife shi, a can ya yi furfura yana ban ruwa a gonakin mutane, bai taɓa mallakar ko taki ɗaya na ƙasa ba har ya koma Umdurman. Da yaƙi ya lafa a unguwarsu, ganyen miya ya zama abin nema, sai ya ɗauki tsinke ya zana tsakar gidansa. Nan fangalin lalo, nan na kuɓewa, yakuwa a jikin katanga inda rana ke daɗewa, ɗan lemun tsami kusa da randa don kada ɗigonta ya tafi a banza. Ya ja babbar hanyar ruwa ta tsakiya, ya fitar mata da ƙanana, kowace da bakin toshewa. Tasalla ta ce saura ya ɗauki mai gadi. Ƙasar Umdurman tsakuwa ce, ba ta riƙe komai, saboda haka ya bi Jatau direban motar bulo zuwa bakin kogi a Aljirif, suka kwaso baƙar laka daga wani tsohon rami da masu bulo suka daina taɓawa. Bai tambayi dalilin dainawar ba. Ya ga banza ta faɗi, ya kwasa.

Mutumin Jazira ba ya shayar da ƙasa kullum. Yakan cika ta ta ƙoshi, ya toshe bakin ruwa, ya bar ta ta bushe har ta tsage kafin ya sake buɗewa. Haka Mika'ilu ya yi da shuka ta fito, kuma a yammacin nan ne lakar ta fara tsagewa.

Ana gab da kiran sallar magariba wani abu ya faɗo cikin garin da Tasalla ke tankaɗewa. Wani ya daki kwanon rufi, wani ya daki ƙofa. Mika'ilu ya leƙa waje da niyyar yi wa yara faɗa, ya tarar da lungu shiru, ko akuya babu. Da ya tsinci abin jifan sai ya ga busasshiyar laka ce baƙa, irin wadda babu ita a duk unguwar sai a gidansa. Ya juyo ke nan ya ga 'yarsu Nuha, budurwar da ita kaɗai ta rage musu, tsaye a bakin randa tana shan ruwa. Ta shanye moɗa ta sake cikawa, ta shanye ta sake cikawa, ruwa na bin haɓarta. Uwar ta kira sunanta. Ta waiwayo a hankali, ta ce da wata murya ta tsohuwa, busasshiya, “Moya.” Ruwa ke nan, da bakin mutanen garin.

Daga ranar gidan ya daina ganin magariba lafiya. Da rana ta sunkuya sai jifa ya fara, sai a ji nishi daga wajen fangalin lalo, Nuha kuma ta hau neman ruwa. Ta daina cin abinci. Leɓenta ya tsattsage, idanunta suka zurma, alhali cikinta cike yake da ruwa. An kai ta asibiti aka duba ko ciwon suga ne, ba a ga komai ba. Famfo ya daɗe da mutuwa a unguwar, sai abin da masu amalanken jaki suka kawo, don haka Mika'ilu ya yi abin da kowane uba zai yi: ya hana lambun ruwa gaba ɗaya don 'yarsa ta samu. Lakar ta ƙara tsagewa, yarinyar ta ƙara bushewa. Tasalla takan rungume ta tana kuka a fili, tana cewa Allah ya ɗauke ta ita ya bar mata 'ya. Tsoro ya kama Mika'ilu ƙwarai, irin wanda ƙarar bindiga ba ta taɓa sa masa ba.

Ranar da Nuha ta kasa tashi, ya je bayan Kasuwar Umdurman ya zo da Faki Almahdi, wani tsohon malami mai ƙarancin magana da aka san shi da wannan aiki. Faki ya daɗe yana duban lambun kafin ya dubi marar lafiya. Ya tambayi inda aka samo lakar, aka gaya masa, ya girgiza kai kawai. Ya sa aka kwantar da Nuha a tsakar gida, ya kunna turare, ya dafa goshinta ya fara karatu. Duhu na saukowa jikinta ya sandare, bakinta ya buɗe.

“Wace ce ke?” in ji Faki.

“Mai ramin da aka kwashe. Ba ni na zo ba, ya Faki, kawo ni aka yi. Tun kafin a gina garin nan nake kwance a cikin laima. Wannan ya ɗauko gidana ya kawo kan tsakuwa, sannan ya toshe min ruwa da hannunsa.”

Mika'ilu ya zube a gwiwa. Muryar ta ce a buɗe hanyar ruwan kada a sake rufe ta har abada, sai ta saki yarinyar. Faki ya ce mutanen nan da ƙyar suke samun na alwala, ina za su samo kogi? Ta ce to yarinyar ce randarta. Faki ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya, har abin da ke jikin Nuha ya fara kururuwa yana roƙon a sassauta.

“Kalas, shi ke nan, zan fita,” ta ce. “Amma a mai da ni inda aka ɗauko ni kafin ranar gobe ta faɗi. Lakar duka, da duk abin da ya sa saiwa a cikinta. Yanzu kuma a ba ni ruwan guzuri.”

Faki ya yarda. Mika'ilu ya buɗe bakunan ruwan da yatsunsa, ya juye jarkar da ta rage musu. Lakar tana tsotsa, maƙogwaron Nuha yana haɗiya, ba tare da ko ɗigo ya taɓa bakinta ba. Can ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, barci ya ɗauke ta. Faki ya ce abar ta koma cikin laka, jira take ta ga ko za a cika alkawari.

Da safe Mika'ilu ya ɗauki shebur. Ya tone lalon, ya tone kuɓewar da ta fara fure, ya share tsakuwa da tsintsiya don kada ƙwaya ta rage. Da ya iso kan lemun tsamin sai ya tsaya, ya ce ko a wanke saiwarsa a dasa a gwangwani. Tasalla ta tumɓuke shi da hannunta ta jefa cikin motar Jatau.

Rana na dab da faɗuwa Mika'ilu ya dawo daga Aljirif, laka har gwiwa. Nuha tana zaune jingine da katanga. Aka kira salla, gida ya yi tsit, su duka suna sauraron kwanon rufi. Babu abin da ya faɗo. Ya ɗebo ruwa a moɗa, ya miƙa mata. Ta kurɓa kaɗan ta miƙo masa.

“Ya isa, Yaba,” ta ce wa uban da muryarta ta asali. “Yunwa nake ji.”

Tasalla ta ruga madafa. Mika'ilu ya zauna a kan tsakuwar da babu komai, riƙe da moɗar da sauran ruwa a ciki, ya fashe da kuka.