Finjali na Uku

"Zineta, don girman Allah yau dai ki kalli idon matar nan ko sau ɗaya ne!"

Inna Fikreta ce ke wannan magiya, tana goge teburin falo karo na huɗu tun safe. 'Yarta kuwa tana kicin ta jera gwangwanaye uku na gahawa a gabanta, tana buɗe kowanne tana shinshinawa, ko a jikinta.

"Inna, in na kalli idonta ba zan ji abin da take faɗa ba. Wanne kike so, in kalla ko in ji?"

"To ki kalli hancinta! Ba mai ganewa."

"Hanci zan iya."

Shekarar Zineta ashirin da takwas. Tun tana ƙarama mutanen unguwarsu a garin Travnik suka gama yanke mata hukunci, wai yarinya ce mai taurin kai, ba ta kallon ido, ba ta gane habaici, in an yi baƙi sai ta shige ɗaki. Sai da ta girma wata likita a birnin Sarajevo ta gaya musu sunan abin, otizim, wanda wasu ke kira galahanga, ta ce ba rashin tarbiyya ba ne, haka Allah ya tsara ƙwaƙwalwarta. Aiki uku ta yi a ƙarƙashin mutane, duka aka sallame ta. Na ƙarshen a kantin tufafi ne, inda wata mata ta tambaye ta ko riga ta yi mata kyau, ita kuma ta ba ta amsa tsakani da Allah.

Daga ranar ta ce ita da aikin wani sun raba gari. Ta kama ɗan shago a bakin kasuwa, tana soya gahawa tana daka ta a turmin dutse da taɓaryar ƙarfe, yadda kakanta ya koya mata. Ta kafa allo a ƙofa ta rubuta: "Ba a taɓa turmi. Mutum ɗaya ke magana a lokaci ɗaya." Da farko dariya aka yi ta yi mata. Yanzu shekara huɗu ke nan, masu dariyar ne ke bin layi.

A shagon ta haɗu da Elvedin, mai gyaran lantarki. Ya zo ya gyara mata injin suya, daga nan kuma kullum sai ya dawo duba abin da bai lalace ba. A zuwa na shida ta ajiye taɓarya ta ce, "Injin nan lafiyarsa lau. Sona kake yi?" Bawan Allah ya kusa haɗiye harshensa, ya ce eh. Ta ce, "To ai sai ka faɗa. Ni ma ina sonka." Yau kuwa mahaifiyarsa, Hajiya Sabaheta, za ta zo ganin yarinyar da ta ɗauke mata hankalin ɗa, kuma kowa ya san in Hajiya ba ta ce eh ba, babu aure.

Da la'asar ta iso, doguwar mace mai ji da kanta, gwauruwa da ta raini ɗanta ita kaɗai. Aka gaisa, aka zauna. Zineta ta shigo da tire, ta tsiyaya gahawa a finjali, ta ajiye sukari mai ƙwaya da alewa a gefe, idonta kyam a kan hancin baƙuwa. Hajiya ta kurɓa, ta ɗaga gira.

"Masha Allah. Wannan hannu ya iya."

Zineta ta ji daɗi har cikin ranta. Dama ta kwana uku tana shiri. Ba ta iya daɗin baki ba, ta sani, amma tana da suyar gahawa kala uku da ba mai irinsu a garin, kuma ta ƙudura sai ta girmama uwar Elvedin da dukkansu. Minti goma bai cika ba ta kwashe finjalai ta kawo ta biyu. Inna Fikreta ta fara ƙifta mata ido tana girgiza kai.

"Inna, wani abu ne ya faɗa miki a ido?"

"A'a, 'yar nan, zauna mana ku yi hira!"

"Yanzu zan zauna, saura ɗaya."

Kafin uwar ta miƙe, ƙaurin burodin naman da ta bari a murhu ya bugo falon, ta kwasa a guje. A nan aka yi ɓarnar. A garinsu kowa ya san gahawar baƙo uku ce: ta maraba, ta hira, sai ta uku mara kauri da ake kawowa in zama ya isa, baƙo ya kurɓa ya nemi takalminsa. Ba a faɗa, ba a koyarwa, a zaman falo yaro ke tsintarta. Ita kuwa Zineta da ba ta taɓa zama da baƙi har su tashi ba, wa ya gaya mata? Ta shigo da ta ukun, wadda ta fi ji da ita, suya ce sama-sama, ruwanta ja-ja kamar shayi. Ta ajiye a gaban Hajiya tana murmushi.

Hajiya ta dubi finjalin, ta dubi agogon bango, fuskarta ta canza.

"Minti ashirin! Ko ɗan aike ai a bar shi ya share gumi. Ni za a kora kamar akuya ta shiga lambu?"

"Hajiya, ba ki sha ba. Ita ce mafi kyau, shi ya sa na bar ta ƙarshe."

"Na ga ƙarshen, ai kin nuna min!"

Ta figi jakarta. Inna Fikreta ta fito da tsumma a hannu tana ba da haƙuri har bakin titi, Hajiya ko waiwaye. Da uwar ta dawo ta yi wa 'yarta bayani, Zineta ta zauna a ƙasa ta rungume gwiwa tana kai jiki gaba da baya, hawaye na zuba.

"Me ya sa ba a rubuta shi ba, Inna? Da an rubuta da na kiyaye. Ni girmama ta na yi!"

Uwar ma kukan take yi, don ta san gaskiyar yarinyar, kuma ta san laifin har da nata.

Washegari Zineta ta je ba da haƙuri, ba a buɗe mata ƙofa ba. Ta rubuta wasiƙa shafi biyu, aka dawo da ita a manne. Hajiya ta zaunar da ɗanta ta ce, "Yarinya mai galahanga ka kwaso min, mai korar baƙi? In lallai sai ita, ta rufe wannan shagon da ya sa take jin kanta, ta zo ta zauna a gabana shekara guda in koya mata zaman duniya. In ba haka ba, ban yarda ba, ban sa albarka ba!"

Elvedin ya zo shago idanunsa jajir, ya jira kwastoma na ƙarshe ya fita.

"Zineta, mu gudu kawai. Wallahi rabin matan garin nan haka aka aure su. A sato amarya, a yi fushi na sati biyu, a shirya. Mota na waje!"

"A'a."

"To shagon fa? Ko na ɗan lokaci ne, don ta huce?"

"Shi ma a'a. Shago ba zan rufe ba, gudu ba zan yi ba. Zan jira."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Amma ni na iya jira, kai ne ba ka iya ba. Ka koma gida, kar ka ɗaga mata murya. Matsa min, kana tsaye a kan buhu."

Haka aka shiga wata biyar. Ƙanƙara ta sauko ta rufe duwatsu, Zineta na buɗe shago ƙarfe bakwai kamar kullum, har oda ta ƙaru daga garuruwan kusa. Sai dai ranta ba daɗi, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Elvedin ya rame, amma bai taɓa ƙin aiken uwarsa ba. Ita kuwa Hajiya gidanta bai rabu da ƙawaye ba, kullum suna zuga ta, "Kin yi daidai, Hajiya, ai mutunci ya fi komai." Sai ranar wani taron Maulidi na mata, tana cire takalmi a ƙofa, ta jiyo muryar babbar aminiyarta daga ciki tana kwaikwayonta, "Minti ashirin! Minti ashirin!" mata na ta sheƙa dariya. Da ta shiga, aminiyar ce ta fara tashi ta rungume ta.

Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta ce duk yarinyar nan ce ta ja mata, gara ta je a yi ta ta ƙare. Ranar kasuwa ta doshi shagon, ta tarar da layi har waje. Ta so ta kutsa, wani tsoho ya nuna mata allo da sandarsa, dole Hajiya guda ta bi layi. Tana tsaye tana kallo. Yarinyar da ta raina tana aiki cikin natsuwa, hannu bai kuskure, kowa na kama kansa a gabanta. Wata mata ta nuna wani gwangwani, Zineta ta ce, "Wannan suyar jiya ce. In baƙi za ki yi kar ki saya, ki dawo ƙarfe biyu." Matar ta yi godiya ta fita.

Da layi ya zo kanta Hajiya ta ce, "Na zo ne ki sakar min ɗana."

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ban riƙe shi ba. Shi ya ce mu gudu, na ce a'a."

"Gudu? Elvedin ɗin?"

"Sau uku. Ya ce kar in gaya miki, na ce masa ban yi alkawari ba."

Hajiya ta dafa kanta. Ita da ta zaci ita ke riƙe da ɗanta, ashe da yarinyar ta ce eh sau ɗaya da tuni an yi ba ita. Ta sassauta murya.

"Me ya hana ki?"

"Ke kika raine shi ke kaɗai. In na ɗauke shi ta taga, zai yi ta kallon ƙofarki har ya mutu. Ba na son miji mai rabin zuciya."

"Wato sona kike yi ke nan?"

"A'a. Ban san ki ba tukuna, kuma kin sa ni kuka kwana goma sha ɗaya. Amma Elvedin mutumin kirki ne, kuma a hannunki ya tashi, don haka na san akwai abin so a wurinki in kin bari na gani."

Masu layi kowa ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa. Sai ga Hajiya Sabaheta tana dariya, dariyar ta juye kuka, ta zauna a kan buhun gahawa tana share ido da gefen mayafi.

"Wata biyar ana ce min ina da gaskiya a gabana, ana wasa da ni a bayana. Yau na samu mai ce min a'a ido da ido!"

"Hanci nake kallo, Hajiya."

"Kalli duk inda kika ga dama, 'yata. Shagon fa? Har yanzu kina kan bakanki?"

"Ina kai. A waje kafin azahar na yi kuskure goma ban sani ba. A nan na san komai, kuma ni na gina shi. In kika rufe shi, wata za ki kai wa ɗanki, ba ni ba."

Hajiya ta jinjina kai. "To bar shi a buɗe. Me kuma kike so a wurina? Faɗi, tunda bakinki ba ya kwana."

"Biyu ne. In na yi miki laifi ki faɗa min da baki, kar ki yi min da ido. Na biyu, ranar biki ina tsoron hon ɗin motocin rakiyar amarya. Ƙarar tana shiga kaina kamar ƙusa. Ko bikin wasu ne sai na ɓuya."

Da bazara aka ɗaura aure. Motoci ashirin suka jeru a ƙofar gidan Inna Fikreta, an ɗaura musu furanni, samari sun ɗora hannu a kan sitiyari suna jiran a tashi su cika gari da ƙara kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Sai Hajiya Sabaheta ta fito tsakiyar titi cikin kwalliyarta, ta bi su mota-mota tana ƙwanƙwasa gilashi.

"Duk wanda ya taɓa min hon, wallahi ba shi ba naman bikin nan!"

"Haba Hajiya, biki ba hon? Ai sai a zaci gawa muka ɗauko!"

"A zata! Surukata ce a ciki, ba ta so, ni ma ba na so!"

Haka motoci ashirin suka ratsa Travnik shiru, mutane na leƙowa ta taga suna mamaki. Zineta na zaune kusa da Elvedin, hannayenta a kan cinya, ta sauke gilashi tana kallon garinsu. A karon farko a rayuwarta ta ga biki daga farko har ƙarshe, kuma nata ne.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, Zineta ta samu mijinta da albarkar uwarsa, ba ta rasa sana'arta ba. Ku kuma iyaye, kafin ku ce an wulaƙanta ku, ku buɗe baki ku tambaya, don ba kowa Allah ya halitta da gane ƙifta ido ba, kuma sau da yawa wanda bai iya daɗin baki ba shi ne ba zai ci namanku a bayan ido ba.