Goron da Baba Issaka Ya Ci

Zalia na tsakar gida tana tsince waken waakyen gobe, shinkafa da waken nan da suke dafawa su sayar, mahaifiyarta Mma Alima na wanke karan dafi, sai rediyon mahaifinta Baba Issaka ya sanar da sabuwar ƙungiyar mawaƙa daga unguwar Alajo, wai ita Yaran Layi, da waƙarsu ta farko. Baba ya miƙa hannu zai kashe, muryar ta riga shi fita.

"Na aika goro Maamobi, aka maido min da shi,
'Yar mai waakye, ko leƙowa ba ki yi ba."

Faranti ya suɓuce wa Zalia, wake ya watse. Ko cikin barci aka tashe ta, ta san muryar saurayinta Nasrullahi!

Wata bakwai ke nan da ya ce mata manyansa na tafe da goron neman aure. Baba ya kafa doka, ba waya, ba tsayuwa a lungu, sai manya sun zo. Ta bi. Manya ba su zo ba, shi kuma ya yi mata bulokin a waya. Ta sha kuka ta gaji, masu nema biyu suka zo ta ce a ba ta lokaci. Yanzu ga shi ya ɗora mata laifi, unguwar Nima da tasu Maamobi duk suna ji.

"Wane goro?" ta faɗa tana kuka. "Mma, wane goro aka kawo gidan nan?"

"Ko ɓare ban gani ba," in ji Mma Alima. "Kai, yaron nan! Gobe da wane ido zan zuba wa mutane waakye?"

Baba Issaka ya ƙara murya ya saurara har ƙarshe. Shi ba mai son kiɗa ba ne, amma yana da kunne.

"Maƙaryaci ba ya kuka haka," ya ce. "Miƙo min hulata."

La'asar sakaliya ya dawo da mutum biyu, Nasrullahi da kawunsa Saaka, wanda tun daga ƙofa yake ta sharce gumi.

"Yaro, wa ya maido maka goro?"

"Baba, Kawu na ba wa goron ya kawo. Ya dawo ya ce kun ce ba ku ba mawaƙi 'ya, kar in ƙara kiran ta. Wallahi kwana uku ban fita sitidiyo ba!"

"Saaka, ka taɓa taka gidan nan?"

Kawu Saaka ya yi ta murza carbi. Da ƙyar ya ce, "Alhaji, ni dai... na ga yaron zai yi suna, na ce me zai kai mu gidan masu waakye? Ga tawa 'yar a gida."

"Masu waakyen da kake zuwa cin nasu kullum da safe?" in ji Mma Alima daga bakin murhu. "Har da ƙarin taliya!"

"To ina goron?" Baba ya tambaya.

"Na... na rabar a masallaci, ranar wata Juma'a. Sadaka."

Baba Issaka ya tafa hannu. "Farin goron nan manya-manya? Saaka, ba kai ka miƙo min biyu da hannunka ba? Har na ce Allah ya karɓa!"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Ashe goron 'yata na ci ban sani ba. To, ni ban saba amayar da abin da na ci ba. Goro ya iso, kuma kai ka kawo shi. Na karɓa, na ba yaron 'yata."

Nasrullahi ya zube ƙasa yana godiya. Zalia ta ja mayafi ta rufe fuska don farin ciki. Daga cikin mayafin ta ce, "Mma, ki gaya masa ya cire ni daga bulokin, kuma ya gyara waƙar nan."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Waƙar dai ba ta gyaru ba, don ta riga ta shiga kowace trotro, motar haya ta gari. In aka saka ta, Zalia dariya take yi.

Da ta yi fushi ta karɓi wani a wata na uku, da ƙaryar Kawu Saaka ta zama gaskiya har abada. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma rabon mutum ko sadaka aka yi da shi, sai ya iso gidansu.