Kadon da Raliya Ta Ɗinka

Raliya na zaune a ƙofar bukkarsu a Lazare, sansanin 'yan gudun yunwa, allura a hannu, idanunta jawur. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ne fari ya koro su daga Tawa, ita da yayarta Halimatou. A nan ta haɗu da Abdulaye, ma'aikacin buro, wato ofis, mai rubuta sunayen masu karɓar hatsi, har maganar aure ta taso.

Kwana tara ta yi tana ɗinka wa mahaifiyarsa, Hajiya Yelwa, tsumman sauke tukunya guda biyu. Zanen marigayiya innarta ta yanka, ta cusa auduga, ta bi da ɗinki layi-layi. Da ta kai mata su a matsayin kado, wato kyauta, Hajiya ta ɗaga su da yatsa biyu a gaban baƙi.

— Kado ke nan? Tsummokaran 'yan gudun yunwa? Ɗana ya fi ƙarfinki!

Ta wurga su cikin murhu.

Yau ga Raliya tana ɗinka wasu, sun fi na farko kyau. Sai dai ba auduga a ciki, leda ce ta ninka ta cusa.

— Ke! Leda fa narkewa take, ta manne wa fata! in ji Halimatou.

— Shi nake so, Yaya! Zanen Inna ta ƙone ina kallo. Wallahi sai ta ji abin da na ji!

— Ki ji tsoron Allah, Raliya.

Raliya ta ci gaba da ɗinkinta. Da yamma Abdulaye ya zo kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, ta miƙa masa tsummokaran da murmushi.

— A kai wa Hajiya.

Washegari da hantsi ya dawo, fuskarsa fal fara'a.

— Albishirinki! Na yi wa Hajiya magana, ta yi nadama har da kuka. Ta rantse da kadonki za ta sauke kunun sadakar da take dama wa mutanen Lazare. Yana ma kan wuta yanzu.

Raliya ta miƙe zumbur. Ashe kunun da ya raya su ita da yayarta wata uku, daga hannun matar nan yake fitowa!

— Kai ni gidanku! Maza!

Suka iske Hajiya ta sunkuya kan ƙatuwar tukunya, tsummokaran a hannu. Raliya ta fizge su, ɗaya ya taɓa gefen tukunyar, nan take ledar ta narke a tafinta. Ta ƙwalla ƙara, ta durƙusa.

— Hajiya, ki yafe mini! Ni na sa leda, don ki ƙone.

Hajiya ta kama hannun Raliya ta tsoma a ruwan sanyi.

— Ni na fara hura wutar nan, 'yata. Tashi.

Sai da aka yi wata biyu kafin Abdulaye ya sake taka Lazare, don abin ya yi masa ciwo. Raliya ta jure, ba ta aika ba. Hajiya da kanta ta tasa shi gaba, aka ɗaura aure bayan saukar damina.

Ramuwa garwashi ce, mai ɗaukar ta shi ke fara ƙonewa. Wanda ya yi haƙuri kuwa, Allah ba ya barin sa ya taɓe.