Sunan Baba a Shafin Ƙarshe

Kafinta yana durƙushe a tsakar gidan su Auta, yana gyara ƙafar kujerar Mama, sai Yaya Babba ya shigo ya dire ƙunshin takardu a kan tabarma.

"Ga furojet, Auta. Na abokina ne, ya daɗe da gamawa. Canza suna kawai ki miƙa!"

Auta tana ajin ƙarshe a jami'a, nata furojet ɗin kuma, wato aikin binciken kammala karatu, malaminta ya ce ta sake shi. Ta sunkuyar da kai.

"Yaya, hannu fa zan sa cewa aikina ne. An gaya mana ko jimla ɗaya ka ɗauko, sai ka faɗi mai ita."

"Iyayen tsarki! To wallahi in ba ki gama bana ba, maganarki da wannan mai gudumar ta tashi!"

Kafinta ya ajiye gudumarsa. Tun rasuwar Babansa, wanda ya koya masa sana'a, babu mai sa shi dariya sai Auta. A shagonsu ma suka saba, lokacin da take zuwa yi wa Baba tambayoyi kan busar da katako, don aikin nata.

A bakin ƙofa, da Auta ta rako shi, Kafinta ya yi ƙasa da murya. "Ki karɓa mana. Wa zai sani?"

Hawaye ya zubo mata. "In wani ya ɗauki ƙofar da Baba ya sassaƙa ya ce shi ya yi, ya za ka ji?"

Ya ɗago kai. Kallonta kawai yake yi, kamar yau ya fara ganinta.

Auta ba ta karɓa ba, ba ta kuma gama a shekarar ba, sai Yaya ya hana shi zuwa gidan. Shekara ta juyo yana goge katako shi kaɗai, ƙamshin shagon yana tuna masa mutum biyu.

Wata rana da hantsi sai ga su: Mama, Auta, Yaya a baya yana sosa ƙeya. Ashe wani ɗalibi ya miƙa furojet ɗin nan, an gane, an kore shi.

"Na gama!" in ji Auta, ta buɗe masa shafin ƙarshe na littafinta. "Karanta nan."

Karatunsa ba nisa, sai ya bi da yatsa. A tsakiyar sunayen manyan malamai, ga sunan Baba cikakke: hira da marigayi, a shagonsa.

"Baba... a littafin jami'a?"

"Maganarsa ce. Dole in faɗi mai ita."

Ya zauna a kan benci, hawaye na ɗiga a garin katako.

Yaya ya yi gyaran murya. "To mai guduma, kukan ya isa. Ka turo manyanka."

Gaskiya ta jinkirta musu aure, amma ba ta hana ba. Wadda ta riƙe amanar jimla ɗaya, za ta riƙe amanar gida.