Gayyar da Ta Ɓata Hanya

Ƙeta mugun hali ne, mafi muninta kuwa wadda mutum zai yi wa wanda suka sha nono ɗaya. Ku ji yadda ta kaya da Blaise, babban ɗan Baba Iliya, a wani ƙauye da ke bayan Bibemi.

A daminar nan gidan Baba Iliya ba masaka tsinke. 'Yan makaranta sun dawo hutu daga Garwa, 'ya'ya mata na aure sun turo jikoki daga Tuboro. Da safe a taru gindin mangwaro a yi addu'a da waƙa, kowa ya saɓi fartanyarsa. Da yamma a gasa masarar bayan gida, yara na kokawa a kan zangarniya, Inna Rahila, uwargidan, na korar awaki da muciya.

Josiane ce kaɗai ta rage ba aure a cikin manyan 'yan matan gidan, kuma ita ce ke riƙe da madafa. Zuciyarta kuwa tana ƙetaren mayo, wato kogin yankin, wurin Serge, saurayin da suka haɗu a taron mawaƙan majami'u lokacin Ista.

Ranar Lahadi bayan sujada ya tare ta a bakin rijiya.

"Josi tawa, me Baba ya ce?"

"Ya ce ba ruwansa da aljihunka. Ka kawo gayya gonarsa ranar Asabar, kamar yadda shi ma ya kai wa kakanmu. In ka zo, ya ba ka ni."

"In ban zo ba fa?"

"Kada ya sake jin sunanka... Serge, na durƙusa na ce masa na yarda. Ba zan tsallake maganarsa ba, ko da zuciyata za ta fashe."

"Haba sanyin idona! Ko mayo ya cika ya batse, da iyo zan zo. Ke dai ki sa gyaɗa da yawa a miya, abokaina ba su da kunyar ci."

Ta kai masa duka da gefen zani, tana dariya.

A al'adarsu, uban yarinya ba ya fita gona da safe ranar gayyar suruki. Babban wa ne ke tarar baƙi a hanya ya nuna musu gona, sai rana ta take iyaye su biyo masu abinci su ga aiki. Shi kuwa Blaise ba ya son auren. Yana da aboki mai babur da ke ba shi aro ranar kasuwar Adumri, kuma ya riga ya ce wa abokin, ba tare da ya tambayi kowa ba, Josiane tasa ce.

Asabar ta zo. Tun da sassafe Josiane ta ɗora tukwane. Tuwon masara, miyar yakuwa da gyaɗa, kunun tsamiya a manyan ƙore. Ƙannenta mata na daka suna tsokanarta.

"Amarya, gishiri ya yi yawa!"

"Ƙarya kuke yi!"

Da hantsi Blaise ya shigo yana sakin hamma.

"Hamma Blaise, sun iso?" in ji Josiane, don haka suke kiran babban wa.

"Su wa? Na tsaya a mararraba har ƙafata ta yi tsami. Ko kare ban gani ba."

Muciya ta suɓuce daga hannunta. Inna Rahila ta dube ta, ta ce, "Ɗauki abinki ki ci gaba da tuƙi. Ba a kuka a kan tuwon baƙi."

Rana ta take, aka jera da kwanuka a ka, Baba Iliya na biye da sandarsa. Suka isa gona. Masara na nan tsaye cikin ciyawa, ba sawun mutum ko ɗaya.

Baba ya jima yana kallo. "Josiane, kin ji abin da na faɗa ranar nan."

"Na ji, Baba..." Hawaye suka zubo, kwano na kanta ba ta iya sharewa ba.

"Ai na gaya muku," in ji Blaise. "Samarin ƙetare sai baki."

Nan fa aka jiyo guɗa daga bayan ɗorayi. Wata tsohuwa ce ke tahowa da gudu-gudu, zani a hannu, tana rangaɗa guɗa tana tuntuɓe. Dada Marta ce, gwauruwar da ke zama a bencin gaba a majami'a, wadda ciwon baya ya hana ta noma bana har ciyawa ta shanye mata dawa.

"Iliya! Iliya, Ubangiji ya saka maka! Na je in tsinki ɗan ganye, na tarar da samari cike da gonata suna noma suna waƙa. Na ce wa ya aiko ku? Suka ce ai gonar Baba Iliya ce, babban ɗansa ya kawo su tun da safe!"

Kowa ya juya ya dubi Blaise. Shi kuwa ya hau gyaran takalminsa.

Josiane ba ta jira izini ba. Ta kama hanya da kwanonta, sauran suka bi. Tun daga nesa ta gane muryar da ke ba da waƙa. Ga shi nan ba riga, laka har gwiwa, gonar tsohuwa ta yi fes saura 'yan kunyoyi.

"Serge!"

"Josi! Yunwa ta kusa kashe mu. Amma gonar Baba ba ta kai yadda kika faɗa ba, kuma kin ce masara..."

"Ba ita ba ce!" Tana kuka tana dariya. "Ba gonarmu ba ce, wawa!"

Serge ya dubi dawa, ya dubi Blaise da ke laɓe bayan mata, ya gane. Abokansa suka fara gunaguni, ya ɗaga musu hannu. Ya zo ya durƙusa gaban Baba Iliya.

"Baba, a yi haƙuri. A bar mu mu ƙarasa wa Dada ɗan abin da ya rage, kunya ce a bar gona rabi. Gobe Lahadi, amma Litinin muna gonarka."

Baba Iliya ya dafa kansa. "Tashi, ɗana. Na ba ka." Sannan ya juya. "Blaise, zo nan gabana."

Ya zo yana jan ƙafa.

"Ka san al'ada. Gayyar suruki wuni biyu ce, ɗaya na uba, ɗaya na babban wa. Nawa yana nan, Litinin. Naka kuwa ka yi sadaka da shi yau da hannunka. Marta, yi masa godiya."

Dada Marta ta kama hannun Blaise bibbiyu tana jijjigawa. "Na gode, ɗana! Ban san kana sona haka ba!"

Dariya ta ɓarke har wata ta kusa kifar da ƙwaryar kunu. Aka baje tabarmi a gindin ɗorawa, aka yi addu'a, aka ci. Josiane ta zuba wa Serge miya har ta malalo, ƙannenta na ƙyafta ido.

"Gyaɗar ta isa?" ta tambaya a hankali.

"Hannun da ya dafa nake so a ƙara mini."

"Ka ji ka! Baba na kallo..."

Bayan girbi, gab da Kirsimeti, aka ɗaura aure a majami'ar ƙauyen. Mutanen ƙetare suka zo da ganguna, Dada Marta ta kawo kwandon sabuwar dawa ta aje gaban amarya, ta yi rawa har ta manta da bayanta.

Blaise kuwa, ga abin da ƙetarsa ta jawo masa. Gonar audugarsa, da ya bari yana jiran gayyar abokinsa mai babur, ciyawa ta cinye rabinta, sauran ya nome shi kaɗai har tafin hannunsa ya fashe. Abokin nan da ya ji an ba da Josiane ya karɓe makullin babur, tun daga nan da ƙafa Blaise ke zuwa Adumri. Ranar biki ƙanensa ne ya kama hannun amarya ya shiga da ita majami'a, ƙanen kuma aka ba cinyar akuya ta babban wa. Blaise aka sa ɗiban ruwa.